Babi na Bakwai: Haƙƙin Mota a Kan Mai Tuƙa Ta

Duk wanda ya fita daga birnin Katsina ta Ƙofar Guga, ya wuce Daddara, ya isa Magama, inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi cikin garin Jibiya, ɗaya kuwa ta yi arewa ta ƙetare iyaka ta faɗa Ɗan Isa har ta dangana da Maraɗi, lalle zai ga wani irin jerin motoci wanda ba kasafai ake ganin kamarsa a wasu wurare ba: ga tsofaffin Fijo waɗanda suka ga jiya suka ga yau, ga Golf da Sharon an danne su da buhuna har gindinsu yana neman shafar kwalta, ga bas-bas na fasinja, ga manyan motoci sun yi layi suna jiran a duba takardunsu. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai cika kilomita 100 ba, amma wanda bai san hanyar ba shi ne zai auna wahalarta da tsawonta. A babin da ya gabata mun yi bayani a kan yadda ake zaɓen mota a saya. A nan kuwa nufinmu mu duba abin da ya fi sayen wuya, wato riƙon ta, musamman ga mutumin da abincinsa da na iyalinsa yake fitowa daga juyawar tayoyinta kullum safiyar Allah.

Wannan hanya ba jiya aka soma bin ta ba. Tun bayan jihadi, sa'ad da sarakunan Katsina na dauri suka yi ƙaura suka kafa Maraɗi, har zuwa farkon ƙarni na 20 da Ingilishi da Faransawa suka shata iyakar da ta raba 'yan'uwan juna, fatake ba su daina kai da kawowa a cikinta ba da jakunansu da takarkaransu. Bafatake kuwa ya san dabbarsa tana da haƙƙi a kansa kafin ya taɓa riba, gama idan ya hana ta dusa yau, gobe zai ga haƙarƙarinta, idan ya yi mata lodi fiye da kima, za ta durƙusa a gaban idonsa ta tona masa asiri a cikin ayari. Mota ba ta da wannan baki. Takan haɗiye zalunci wata da watanni ba ta ce uffan ba, tana tara wa mai ita bashi a ɓoye, har ranar da za ta nemi a biya ta duka gaba ɗaya, kuma galibi ranar ba ta zuwa sai lokacin da aljihu ya bushe.

To, ga asalin matsalar. Direba yakan yi hisabinsa da yini, alhali mota tana yin nata da kilomita. In magariba ta yi, ya fid da kuɗin fetur, da na ƙungiya, da na kamasho, da abin da ya zube a shingayen hanya, da balas ɗin mai mota idan ba tasa ba ce, sai ya dubi ragowar ya ce wannan ribarsa ce, ya yi hamdala ya nufi gida. Amma haƙiƙa a cikin ragowar nan akwai kason da ba nasa ba ne, na taya ne da ta ɗan ƙara siɗewa, da baƙin mai da ya ɗan ƙara tsinkewa, da birki da kuloci da suka ɗan ƙara cinyewa. Mu ɗauki direban da ke jigila tsakanin Katsina da Jibiya, mu ƙaddara tafiyar kilomita 50 ce don sauƙin lissafi. Idan yana yin sawu biyu a yini, zuwa da dawowa, ya ci kilomita 200. A kwana shida ya ci 1,200. A wata guda ya doshi 5,000. A shekara kuwa ya doshi 60,000. Ma'aikacin da ke fita da motarsa daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa masallaci, zai iya shafe shekara huɗu bai yi wannan tafiya ba. Saboda haka shawarar nan da ake ba masu motar gida, cewa a yi juye bayan wata uku ko wata shida, guba ce ga direban haya, domin shi watansa guda ya riga ya cinye wa'adin man.

Maganin wannan ba wani ilmi ne mai zurfi ba, lissafi ne wanda ɗan firamare zai iya. Alal misali, kuma farashin nan misali ne kawai don kasuwa ba ta kwana inda ta yini, idan tayoyi huɗu sun tsaya maka naira 200,000, kuma ka lura sukan kai ka kilomita 40,000, to kowace kilomita tana cin naira 5 ta taya. Wanda ke yin 200 a yini ke nan taya tana bin sa naira 1,000 kullum, ko ya sani ko bai sani ba. Idan juye da filta sun tsaya naira 25,000 a kowace kilomita 5,000, ga wata naira 1,000 ɗin kuma. Haka za ka bi birki, da kuloci, da batir, da fulogi, da shokoba, da boris, da sabunta takardu da inshora, ka raba kuɗin kowanne da tsawon tafiyar da yake yi, ka haɗa jimla. Abin da ya fito shi ne haƙƙin mota na yini. A cire shi tun kafin a shiga gida, a ajiye shi inda hannu ba zai kai gare shi da sauƙi ba, ko a asusun banki na daban, ko a adashin da 'yan tasha ke yi a tsakaninsu, in dai uwar adashin amintacciya ce. Ni a ganina wannan ajiya ba tsimi ba ce balle rowa. Amana ce, kuma wanda ya ci ta a shayi da tsire da hidimar biki ya ci jarinsa ne yana zaton riba ya ci.

Sai dai lissafin kilomita ba ya yiwuwa sai da abin auna ta, kuma da yawa daga motocin hayarmu agogon tafiyarsu ya daɗe da mutuwa, wasu ma tun kafin su baro tashar jirgin ruwa ta Kwatano an riga an mai da lambarsa baya don a yaudari mai saye. Wanda agogonsa ba ya aiki ya sami ɗan littafi irin na 'yan makaranta ya riƙa rubuta sawunsa, tun da ya san tsawon hanyarsa. Wanda motarsa ta fito daga Amurka kuwa ya kula, nata agogon da mil yake ƙirga, mil guda kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi. In ya jira sai ya ga 5,000 a agogo, to ya riga ya yi kilomita 8,000. A cikin littafin nan ne kuma zai rubuta ranar da aka yi kowane gyara, da wanda ya yi, da abin da aka biya, domin ƙwaƙwalwa takan yi wa mai ita rangwame, takarda kuwa ba ta yi.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya keɓanta da wannan yanki, wanda ya sa ma'aunin da masu ƙera motoci suka rubuta a littattafansu, don hanyoyin Jamus ko Japan, ba zai yi mana daidai ba sai an rage. Na farko ƙura. Daga lokacin da iskar hunturu ta taso har zuwa faɗuwar ruwa, iskar da injin ke shaƙa cike take da rairayi mai laushi, wanda idan ya sami ƙofa ya shiga, sai ya gauraya da mai ya riƙa gugar ringi da bangon silinda sannu a hankali, har a wayi gari mota tana hayaƙi tana shan mai, a ce sai an sauke inji. Abin da ke tsaye tsakanin injin da wannan musiba shi ne filtar iska, wadda kuɗinta bai kai na buhun masara ba. Amma sai ka ga direba ya ba yaron mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi sau goma, har takardarta ta yage, ko ma ya cire ta gaba ɗaya wai don mota ta ƙara numfashi. Kaɗe ta a hankali ba laifi ba ne, amma in ta huje ko ta toshe, sai sabuwa.

Na biyu zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40, lagireto shi ne ran mota, kuma a nan ne ake yin kurakurai biyu da suka zama kamar al'ada. Ɗaya shi ne zuba ruwan rijiya ko na rafi tsurarsa, wanda ke barin tsatsa da ɓawo a cikin bututu har su toshe, maimakon ruwan sanyaya inji da aka haɗa don wannan aiki. Ɗayan kuwa shi ne cire ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wanda makanikai da yawa kan jefar da zarar mota ta shigo ƙasar, suna cewa na ƙasar sanyi ne. Ba na ƙasar sanyi ba ne kaɗai. Injin da bai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba yakan ƙara shan fetur, ya kuma ƙara cinyewa, musamman da asubahin hunturu. Idan mota tana zafi, a binciki fanka, da famfon ruwa, da murfin lagireto, da toshewar bututu, kada a kori mai gadi a bar ɓarawo.

Na uku kuwa, wanda littafin kowane kamfani bai san da shi ba, shi ne tsaye-tsaye. Sanannen abu ne, jaridu ma sun sha faɗa, cewa shingayen bincike a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya suna da yawa ainun: ga kwastan, ga jami'an shige da fice, ga 'yan sanda, ga soja, ga wasunsu. Ba hurumin wannan babi ba ne ya yanke hukunci a kan wajabcinsu, ko da yake mai tuƙi yana da nasa ra'ayi. Abin da ya shafe mu shi ne, kowace tsayawa taka birki ce, kowane tashi da lodi cin kuloci ne, kowane jira kuma da inji a kunne tafiya ce wadda agogo bai rubuta ba amma mai ya ji ta a jikinsa. Wanda ya ga layi ya yi tsawo ya kashe inji. Wanda kuma ya ce zai kauce wa shinge ya bi ɓarauniyar hanya ta cikin yashi da kwazazzabai, ban da abin da zai haɗa shi da hukuma, ya sani abin da ya tsira da shi a hannun jami'i zai kai shi gareji ya biya a shokoba da sifirin da ƙafar mota, har da ƙari.

Batun lodi ba ya bukatar dogon sharhi. An ƙera mota ta ɗauki mutum biyar da jakunkunansu, an ƙara mata ganyen sifirin an ɗora mata buhu goma sha. Ƙarin sifirin ya ɗaga gindinta, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya kauri ba.

Taya ita ce wurin da araha ta fi yin kisa. Mafi yawan direbobinmu 'yar Beljiyam suke saye, wato wadda aka yi amfani da ita a Turai aka yar, kuma ban ce dukansu banza ba ne, amma wajibi ne mai saye ya san abu biyu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere da ke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, domin roba takan bushe ta tsattsage ko da zanenta yana nan raɗau. Abu na biyu, akwai tayoyin da aka yi don ƙanƙara, ana gane su da hoton ɗan tsauni da furen ƙanƙara a jikinsu. Robarsu laushi gare ta, kwaltarmu ta bazara kuwa cinye ta take yi kamar wasa. Sa'an nan iska: a auna ta da safe kafin taya ta yi zafi, da ma'auni na gaskiya, ba da bugun ƙafa ba. Tayar da iskarta ta gaza tana ƙara shan fetur, tana ɗaukar zafi, ita ce kuma ke fashewa a tsakiyar gudu.

Da can, zamanin da kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, yake cika hanyoyinmu da 504, kayan gyara ba abin damuwa ba ne ƙwarai, gama mota iri ɗaya ce a ko'ina, kowane bakanike daga Katsina har Damagaram ya haddace cikinta, kuma kowane ɗan shago yana da abin da ake nema. Yau motoci sun zama iri-iri, kayansu daga waje suke zuwa, farashinsu kuwa yana bin dala sau da ƙafa. Bayan da aka saki naira a tsakiyar 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Fetur ɗin da ake saye ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya wuce 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A irin wannan hali ne jabu ke samun kasuwa, tun daga Ladipo ta Legas har Ƙofar Ruwa ta Kano, inda na gaske da na ƙarya ke zaune a kanta ɗaya cikin kwali iri ɗaya. Ra'ayina a nan shi ne a raba kayan gyara gida biyu. Abin da in ya lalace mota za ta tsaya kawai ko ta yi muni, kamar madubi da marfin fitila da hannun ƙofa, a sayi mai araha ba komai. Amma abin da in ya lalace zai tafi da inji ko da rai, wato baƙin mai, da filtar mai, da bel ɗin taimin, da kayan birki, da na sitiyari, a nan araha ba ta ado. Baƙin man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ba a san asalinsa ba, wani ma tsohon juye ne aka tace. Bel ɗin taimin kuwa, a injuna da yawa, in ya tsinke ana cikin tafiya sai fistin ya daki bawul, gyaran da zai ninka kuɗin bel ɗin sau da dama. A canza shi a kan wa'adin da aka rubuta wa injin, kada a jira ya ba da sanarwa, don ba ya bayarwa.

Haka nan fetur. A watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya jefa direbobin Jibiya a hannun 'yan bumburutu. Man jarka ba lalle ne ya zama gurɓatacce ba, amma yakan zo da ruwa da ƙasa, wani lokaci da gauraye, kuma motocin zamani masu injekta ba su da haƙurin da kafireta ke da shi. Wanda larura ta sa shi saye ya tace da kyalle mai tsabta, ya kuma riƙa sauya filtar fetur da wuri.

Game da bakanike, shari'a ba ta bar mu a duhu ba. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a babin ciniki da ijara na Risala, sun ɗora wa masu sana'ar hannu lamunin kayan da aka bar musu suka ɓata ko suka salwanta a hannunsu, don maslahar jama'a; sun kuma ɗauki wanda ya yi hayar abu a matsayin amintacce, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Da masu mota da direbobi da makanikai za su zauna a kan waɗannan ƙa'idoji tun farko, a faɗi ladan aiki kafin a kwance ƙusa, a fayyace wa ke da alhakin juye da faci, wa ke da alhakin inji da giya, da rabin shari'un da shugabannin tasha ke yi sun ragu. Ka riƙi bakanike ɗaya wanda ya san tarihin motarka, ka sayo kaya da kanka ko ka tafi tare da shi, ka karɓi tsohon abin da aka cire, ka kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, gama wanda aka matse a lada yakan fanshe a kaya.

Saura abu guda wanda direban Legas ko na Abuja bai cika tunaninsa ba, shi ne cewa wannan hanya ana iya rufe ta da sanarwa ɗaya. An rufe iyakokin ƙasa a 1984 har zuwa 1986. An sake rufe su a watan Agusta na 2019, kuma ko da aka buɗe wasu a Disamba na 2020, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, aka kuma garƙame ta har Maris na 2024. A 2021 ma gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda 'yan bindiga. A kowane karo, wanda yake da ajiyar mota ya iya sauya layi ya koma Kano ko Daura da mota mai lafiya. Wanda ba shi da ita ya jingine ta a kan duwatsu, batir ya mutu, tayoyi suka bushe, daga bisani ya sayar da ita a wulaƙance. Ga kuma titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu na 2021, zai ratsa ta Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara aiki, wani kaso na lodi da fasinja zai koma can. Batun tsaro kuwa ya mai da lalacewar mota a daji bayan la'asar wani abu dabam, ba asarar kuɗi kaɗai ba. Tawakkali wajibi ne, amma malamai sun karantar da mu cewa ba ya kore riƙo da sababi.

Saboda haka, ɗan'uwa direba, kafin ka shiga babi na gaba, inda za mu duba lokacin da ya kamata a haƙura da tsohuwar mota a sake wata, nemi littafin nan da alƙalami, ka zauna da bakanikenka ku fid da abin da kowace kilomita ke ci a motarka da farashin wannan mako, ka fara cire shi daga cinikin gobe.